Ɗalibaina sun ce ƙwayoyin cuta "sabawa" suke yi da magani, ta ina zan fara gyara?

Malamar Bayoloji:
Assalamu alaikum 'yan'uwa malamai. Shekarata biyu ke nan ina koyar da bayoloji a sakandare, kuma jiya da na gama duba takardun gwaji sai jikina ya yi sanyi. Tambayar ita ce: me ya sa maganin kashe bakteriya yake daina aiki? Kusan kowa ya rubuta cewa ƙwayoyin sun saba da maganin, sai suka canja jikinsu don su tsira. Har yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin haka ta rubuta. Abin da ya fi damuna shi ne a tambayar farko sun kawo sunan Darwin mai ra'in juyin halitta, da shekarar 1859, da tsibiran Galapagos, duk daidai. Hadda ta zauna, fahimtar ce babu. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam Malama. Kwantar da hankalinki, yaran nan Lamarck, wani masanin halittu ɗan Faransa, suke bi ba su sani ba. Shi ne a 1809 ya ce raƙumin dawa miƙa wuya ya yi ta yi wajen cin ganye har wuyan ya yi tsawo, 'ya'yansa suka gada. Hankalin mutum ya fi saurin karɓar wannan, domin mun saba ganin mai buƙata yana neman mafita.

Ni gwajin masana bakteriya Joshua da Esther Lederberg na 1952 nake ba su labari. Sun raini bakteriya a faranti marar magani, suka danna ƙyallen karammiski a kai, suka buga shi a kan wasu farantan masu magani. Waɗanda suka rayu, a gurbi ɗaya suka riƙa fitowa a kowane faranti. Da aka koma wannan gurbin a farantin farko, sai aka tarar da masu juriya a can, alhali ba su taɓa haɗuwa da maganin ba. Ke nan bambancin yana nan tun farko, daga sauyin da kan auku a ƙwayoyin gado ba da nufin kowa ba. Magani rariya ce kawai. Rariya ba ta ƙera tsaki, ware shi take yi. Masu rauni sun mutu, masu juriya sun hayayyafa sun cika wurin. Babu ƙwaya ɗaya da ta canja kanta, taron ne ya canja daga zuriya zuwa zuriya.

Ɗalibin Jami'a:
Malama, ki shirya wa wata tambayar kuma, don ni ma na yi ta ina aji biyar: in daga biri mutum ya fito, me ya sa har yanzu akwai birai? Sai a jami'a na gane ra'in juyin halitta bai faɗi haka ba. Cewa ya yi mutum da birin cimfanzi tushensu ɗaya, sun rabu kimanin shekara miliyan 6 zuwa 7 da suka wuce. Kakanku ɗaya da ɗan baffanka, amma ba shi ya haife ka ba. Ko ɗalibi ya gamsu ko bai gamsu ba, haƙƙinsa ne ya san ainihin abin da aka ce kafin ya yi muhawara a kai.

Mai Ɗakin Gwaji:
Ƙarin da zan yi kan maganar Malam: hoton nan na jerin biri yana miƙewa har ya zama mutum ya yi ɓarna sosai, yana sa yara ɗaukar abin kamar hawa tsani. Tsutsar ciki irin tsila ta rasa hanjinta gaba ɗaya, wasu kifayen kogo sun rasa gani, kuma duk sun dace da inda suke.

Sannan Malama, ki saurari bakinki a aji. Mu kanmu mukan ce "dabba ta samu kaza don ta yi kaza".

Malamar Bayoloji:
Wallahi gaskiya ne. Na buɗe littafin shirin darasina yanzu, ga shi da hannuna na rubuta "don su tsira". Na gode ƙwarai. Ranar Litinin zan mayar musu da takardunsu, in ba su labarin karammiskin, kowa ya sake rubuta amsarsa ba tare da "sabawa" ko "don" ba. Malam, in na maƙale zan dawo.