Shawarwari kan sayen doguwar lasifikar falo

A wata tattaunawa da masu sha'awar kayan sauti suka yi kan doguwar lasifikar nan da ake ajiyewa a ƙarƙashin talabijin, wadda ta haɗa komai cikin akwati ɗaya, mafi yawansu sun yarda cewa girman falo da yanayin silinsa sun fi sunan kamfani muhimmanci.

Abin da aka fi nanatawa shi ne a duba bayan talabijin kafin a biya kuɗi. Idan yana da mashigar HDMI ARC, wato mashigar kebul da ke tura sautin talabijin zuwa lasifika, wadda ta zo da HDMI 1.4 a 2009, kebul ɗaya ya isa, kuma rimot ɗin talabijin zai riƙa ƙara sauti da rage shi. Mai son cikakken Dolby Atmos, wato sautin da ke kewaye mai sauraro har daga sama, sai ya nemi eARC, wato ingantacciyar ARC, domin kebul ɗin optical, wanda shi ma ake haɗa lasifika da talabijin da shi, ba ya ɗaukar sa. Wasu sun ja hankali cewa lasifikokin da ke harba sauti sama suna buƙatar shimfiɗaɗɗen silin marar tsayi sosai, in ba haka ba kuɗin ya tafi a banza.

A ganina shawarar da ta fi amfani ita ce a fifita tsarin 3.1, mai lasifikar hagu da dama da tsakiya, a kan 2.1, marar ta tsakiya, saboda lasifikar tsakiya ce ke fito da maganar 'yan wasa sarai, kuma rashin jin maganar sarai ne ke damun iyalai da yawa. Falon da ke da tayil yana sa sauti ya riƙa amsa kuwwa, amma kafet da labule suna rage hakan. Inda wutar lantarki ke hawa da sauka, an ce kada a haɗa lasifikar ba tare da sitabilaiza ba.