Neman shawara: wace roba zan ɗora wa katakon raket ɗin ƙwallon tebur da kuɗi kaɗan?

Bashir, Gusau: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da likita ya ce jinina ya fara hawa, kuma ya hana ni zama wuri ɗaya bayan tashi daga aiki, na koma buga ƙwallon tebur da yamma tare da abokan aiki, a wani tsohon tebur da muka yi karo-karo muka gyara. Rabona da wasan tun ina sakandare, lokacin ana ƙirga maki 21. Raket ɗin da ke hannuna irin wanda ake sayarwa a haɗe ne, ƙanin maiɗakina ya kawo mini tsaraba daga Kano, robarsa ta yi sulɓi, yara ƙanana suna murɗo mini sabis ina kasa mayarwa. Na ware naira dubu 50, ga kuɗin makaranta na tafe, maiɗakina kuma ba ta ga dalilin kashe ko rabin haka a kan katako ba. Wani zai sayar mini da katakonsa mai kabon, har na ba shi kafin alƙalami. Wace roba zan ɗora wadda ba za ta cinye sauran kuɗin ba?

Malam Sanusi, Ƙauran Namoda: Wa alaikumus salam. Malam Bashir, ka je ka karɓo kuɗinka. Katako mai kabon yana fitar da ƙwallo da sauri tun kafin hannu ya ji ta, kuma wanda bai iya karanta sabis ba, saurin zai ƙara masa asarar maki ne kawai. Abin da ya dace da kai shi ne zallar itace mai falle 5. Stiga Allround Classic tun 1967 ake yin sa, kuma har yau da irinsa ake koyar da masu tasowa; idan ya yi tsada, Yinhe na ƙasar Sin suna yin masu falle 5 da rahusa sosai. Roba kuwa ka ɗauki 729 ko Yinhe Mercury 2, kaurin sosonta milimita 1.8 zuwa 2.0. Kada ka yi tunanin robar Tenergy, domin fuska ɗaya ta asali ta fi duk kuɗin da ka ware. Ba ka ma faɗa mana sunan katakon ba.

Maman Khalil, Birnin Kebbi: Malam, da girmamawa, robobin Sin masu danƙo ba su jure ƙurarmu ba. Da hunturu kafin a gama wasa ɗaya ƙura ta manne a fuskar, danƙon da aka saya dominsa ya tafi, sai an dinga gogewa da ɗan ruwa. Ni Yasaka Mark V nake amfani da ita, ba ta da danƙo kuma tana daɗewa. Sai dai a kula da masu sayarwa a intanet. Bara na tura wa wani kuɗin robar da ya rantse ta Japan ce, da ta iso soson ya fara rabuwa da fatar sama, na kira shi ya toshe lambata.

Malam Sanusi: Hajiya, Mark V roba ce mai kyau, amma fuska biyu za su wuce aljihun wannan bawan Allah. Ƙura kuwa maganinta tsumma mai laima da ledar rufewa. Abin da ke kashe roba a nan shi ne barin raket a cikin mota da zafin Afrilu.

Abdul, Zuru: Ni ban yarda kabon laifi ba ne. Tun da aka ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40 a shekarar 2000, aka kuma koma ta filastik a 2014, wasan ya rage gudu da murɗawa, shi ya sa 'yan wasa da yawa suka koma kabon. Matsalarmu ma ba raket ba ce. Mu a waje muke bugawa, iska na karkatar da ƙwallo, mun nemi a ba mu ɗaki a ma'aikata an ce mu rubuto takarda, har yau babu amsa.

Bashir: Na gode muku duka. Malam Sanusi, ni ba sabon shiga ba ne, na wakilci makarantarmu a da. Na gwada katakon, kuma na ji daɗin yadda yake fitar da ƙwallo. Mai shi maƙwabcina ne, ba zan iya komawa in ce na fasa ba. Sunan ya goge daga mariƙin, amma ya tabbatar mini na waje ne. Roba kawai nake tambaya.

Malam Sanusi: Da tsohuwar robarsa da ta mutu ka gwada shi; ranar da ka ɗora sabuwa za ka ga saurinsa na gaskiya. Idan dole sai shi, to ka nemi roba mai laushin soso, kada ta wuce 1.8, ɗaya baƙa ɗaya ja, kuma ka manna da gam na ruwa da aka yi domin raket, ba gam ɗin masu faci ba, wanda irinsa hukumar ƙwallon tebur ta duniya, ITTF, ta haramta tun 2008. Amma ina nan a kan bakana, katakon da ba shi da suna ba a ba da kuɗi a kansa.

Maman Khalil: Ka duba gefen katakon da kyau ko ya tsage, domin wanda ya sha bugun tebur fallayensa kan buɗe.

Bashir: Akwai ɗan tsagu kusa da mariƙi, amma ya ce ba ya hana komai. To tsakanin Mercury 2 da Mark V wacce zan sa a bayan hannu, kuma a Gusau wa ya iya yankawa da mannawa?