Neman kalmar Hausa: allon da ake liƙawa a ƙarƙashin daben jirgin ruwa

Masu gyaran jiragen ruwa na faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da danƙo, suna amfani da wani abu da Turawa ke kira "backing plate", kuma har yanzu ba mu tsayar masa da suna a Hausa ba. Kafin a raɗa masa suna, ya kamata a san aikinsa. Daben yawancin waɗannan jirage fata biyu ce ta zaren gilashi, a tsakaninsu an shimfiɗa katakon balsa ko wani soso mai tauri, domin daben ya yi ƙarfi ba tare da ya yi nauyi ba. Idan aka huda shi aka ɗaura maɗaurin igiya da kusa da noti kawai, duk lokacin da igiya ta ja, ƙarfin yakan taru a ɗan wurin da notin ya zauna, sai balsar ta lotse, fatar ta tsage, ruwa ya shiga ya ruɓar da cikin. Shi ya sa ake sa wani allo mai faɗi ta ƙasa, tsakanin noti da dabe, domin ya baza ƙarfin.

An kawo shawarar "farantin baya", amma faranti a kunnen Bahaushe abin zuba abinci ne, kuma sunan bai faɗi komai game da aikin ba. "Washa" ta makanikai ta fi kusa, sai dai washa kusa ɗaya take yi wa aiki, shi kuwa wannan allo yana ɗaukar dukan kusoshin maɗaurin a lokaci guda. "Matokari" kuma sai yana da ƙasan da zai dafa.

Ni abin da nake ganin ya dace shi ne "allon gammo". Gammo yana shiga tsakanin kaya da kai ne domin kada nauyi ya taru wuri ɗaya, kuma wannan shi ne ainihin aikin da muke magana a kai. Wanda zai ce ai gammo laushi gare shi, ya faɗi gaskiya, domin wannan abin in ya lanƙwashe ya tashi daga aiki. Saboda haka na haɗa da "allo", wanda ke nuna tauri da faɗi. In ana son bambancewa sai a ce allon gammo na faiba, ko na alminiyam, ko na katako.

Na faiba shi ne ya fi cancanta. Katako yana ruɓewa, alminiyam kuma idan ya haɗu da kusar ƙarfen da ba ya tsatsa a cikin ruwan gishiri, sai ya riƙa cinyewa. Wanda aka fi nema shi ne G10, wato yadin zaren gilashi da aka jiƙa da ifoksi, wani nau'in danƙo mai ƙarfin kamu, aka matse da zafi. Lambar ta fito ne daga ma'aunin NEMA, ƙungiyar masu ƙera kayan lantarki ta Amurka, kuma ɗan'uwansa FR4, wanda ba ya saurin kamawa da wuta, shi ake yin allunan kayan lantarki da shi. Don haka ana samunsa wajen masu sayar da kayan jirgi da kuma masu kayan kariyar lantarki, kuma kaurin milimita 6 yakan isa ga ƙananan maɗaurai. Lambar G10 ɗin a bar ta yadda take, domin da ita mai saye zai nema.

Wajen liƙawa, ana goge fuskar allon da ƙarƙashin daben da samfefa mai lamba 80, a share da asiton, ruwan sinadarin da ke cire maiƙo, a daddatse kusurwoyin allon su zama masu zagaye domin kada kaifinsu ya ci daben. Sannan a kwaɓa ifoksi da garin silika har ya yi kauri, a shafa, a danna allon har ya cike duk wani rami, domin ƙarƙashin dabe ba ya taɓa zama a baje sarai. Mai yanka G10 kuma ya rufe hanci da baki, ƙurarsa ba ta shaƙa ba ce.

Shi kuwa ifoksi, ina roƙon kada mu mayar da shi "danƙo" kawai. Foliyesta ma danƙo ne, amma ba ya kama busasshen faiba kamar yadda ifoksi ke kamawa, kuma idan suna ɗaya ya haɗa su, wata rana mai koyo zai ɗauki wannan a madadin wancan, allon gammon ya ɓalle.