Ma'aikata sun ƙaru, kusanci ya ragu: laifin yawa ne ko nawa?

Mai Shagon Ɗinki a Fagge:
Assalamu alaikum. Na buɗe wurin ɗinki da teloli biyar, ni na shida, kuma a wancan lokacin kwano ɗaya muke sa wa hannu da rana. Idan matar wani ta haihu ko mahaifinsa ya kwanta ciwo, kafin ya buɗe baki na riga na sani. Yanzu mun kai mutum 24, har da masu guga da yaron da ke karɓo yadi daga Kantin Kwari. A ɗinkin ƙaramar sallar bara, sai da wani tela ya tattara kayansa ya tafi sannan na ji cewa ya yi wata biyu yana jin haushin yadda ake raba aiki. Waɗanda muka fara tare suna cewa na canza, sababbin kuma ko ido ba sa haɗawa da ni. Ina neman shawararku.

Tsohon Ma'aikacin Sharaɗa:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ka fara da lissafi kafin ka zargi kanka. Idan aka haɗa mutum shida bibbiyu, hulɗa 15 ce a tsakaninsu, amma mutum 24 hulɗa 276 ce, kuma babu maigidan da idonsa zai kai ga wannan duka. A masana'antar da na yi aiki, ba manaja muke kai wa kuka ba, sufabaizan sashenmu muke samu, domin shi ne ya san wanda injinsa ke ba shi wahala da wanda ya kwana a asibiti da yaro. Ka kuma tuna da alkunya irin tamu: yaro ba zai dubi maigida ya ce an zalunce shi ba, sai dai ya faɗa wa wani, ko ya yi shiru har ranar da zai tafi. Ka raba su gida uku, ka ɗora wa kowane rukuni babba wanda su da kansu suka amince da shi. Kada ka ɗora ƙaninka don kawai ƙaninka ne, na ga inda hakan ya watsa wuri.

Akanta daga Zoo Road:
Baba ya yi gaskiya, amma ina ganin akwai abin da ya tsallake. Maganar "mu duka 'yan gida ɗaya ne" tana da daɗi ga maigida, shi kuwa ma'aikaci sau da yawa ita ce ke ɗaure masa baki, domin ba a yin ciniki da uba. Telan da ya tafi ba kwanon abinci ya rasa ba, rabon aiki ne bai gamsar da shi ba. Malam, ka rubuta ladan kowane ɗinki da yadda ake bin layi, ka manna a bango kowa ya gani. Dokar ƙwadago ta ƙasa ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Dokar mafi ƙarancin albashi kuma, wadda ta koma naira 70,000 a 2024, tana hawa kan wurin da ya kai ma'aikata 25, ko da yake ba ta shafi masu karɓar lada gwargwadon abin da suka ɗinka ba. Kana dab da wannan adadi, saboda haka ka duba matsayin masu albashin wata.

Ɗan Kwari:
Ni tsofaffin biyar ɗin ne suka tsaya mini a rai. A kasuwa mun san yaron da ya daɗe da maigida yana sa ran ranar da za a sallame shi da jari ya tsaya da ƙafarsa. Wataƙila "ka canza" da suke cewa tambaya ce da kunya ta hana su yi: shin wannan ranar tana nan kuwa? Ka kira su ɗaya bayan ɗaya bayan la'asar, ba a gaban sababbi ba, ka ji ta bakinsu.

Mai Shagon Ɗinki a Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Alhaji Ɗan Kwari, maganarka ta taɓa ni, domin biyu daga cikinsu sun haura shekara goma tare da ni kuma ban taɓa tayar da zancen ba. Baba, idan babban da suka zaɓa ya girme ni, ta yaya zan riƙa yi masa gyara a gaban yaransa?