Dan Allah ku ban shawara: in biya tallan Google ko in gyara shafi in jira?

Mai Abaya, Alabar:
Salamu alaikum yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah ina neman shawaran wadanda suka san harkan intanet. Ni ina da shago a Alabar nan Kumasi, abaya nake saidawa da jallabiya da mayafi da turaren wuta, wasu kayan daga Dubai suke zuwa wasu kuma nan ake dinka min. Cinikina yawanci na WhatsApp ne da mutanen da suka sanni, to bara dan yayata ya bude min shafi aka sa hotuna da lambata amma wlh har yau ba wanda ya taba kirana yace a Google ya ganni. In na rubuta abaya Kumasi a wayata Jiji, shafin nan na saye da sayarwa, ne ke fitowa da wasu shagunan Accra, ni ko kamshina babu.

Yanzu samari biyu sun same ni. Na farko yace in rika bashi sidi 800 duk wata zai gyara shafin yadda Google zai rika dauko shi da kanshi ba sai na biya talla ba, wai SEO sunan abin, amma sai nayi hakuri. Na biyu yace wannan bata lokaci ne, in kawo kudi ya sa min talla gobe-gobe in fito sama. Abinda na ware duka sidi 3,000 ne kuma saura wata biyu azumi, kunsan kakarmu kenan, in Sallah ta wuce kasuwa sai ta kwanta. Wanne zan bi?

Dan Aboabo:
Wa alaikissalam Hajiya. Talla kawai. Wata biyu ya rage miki wani na ce miki kiyi hakuri? Ranan Sallah ba a kiwon rago.

Mai Gyaran AC, Nima:
Hajiya barka. Ni shekara biyu kenan ina sa tallan nan kuma yana kawo min aiki, amma ki duba banbancin sana'ata da taki. Ni wanda ke nemana zufa ce ta ishe shi, AC ya mutu da tsakar rana a watan Maris, lamba ta farko da ya gani ita zai kira baya tsayawa zabe. Mai sayen abaya kuma sai ta duba goma ta tura wa kawarta ta tambayi farashi sannan tace zata dawo, alhali ke kin riga kin biya tun lokacin da ta danna. Haka abin yake, duk dannawa kudi ne ko an saya ko ba a saya ba.

Farkon da na fara wauta nayi, ban iyakance gari ba na bar shi Ghana gaba daya, sai ga kira daga Wa daga Bolga, ni kuma ina Nima da mashin dina. Sati biyu kudin ya kone kurmus. Sai da na rage shi zuwa kewayen Accra kawai sannan abu ya fara kyau. Kuma kamar mitar wuta ta kati yake, kudi na karewa wuta ta dauke, ranan da ka daina biya ranan wayarka zata yi shiru.

Hajiya Mai Leshi, Kejetia:
Kanwata ni dai ban yarda da ko daya ba. Mu mata da ido muke saye. Wace ce zata je Google neman abaya? TikTok da Instagram da status, nan kasuwa take. Ki samu yarinya mai tsayi ta sa kayan ta juya ki dauki bidiyo, ki ga yadda MoMo, kudin da ake turawa ta waya, zai rika shigowa. Kudin nan ki kara kaya dasu.

Dan Kwamfuta, Madina:
Hajiya Mai Leshi gaskiyarki rabi ce. Yan unguwa a status suke gani, amma wadda take Tamale ko Takoradi ko wani dan uwa a Jamus da yake so ya saya wa mahaifiyarshi a Tafo kayan Sallah, shi bai da lambarki bai san status dinki ba, Google zai tambaya.

Hajiya Mai Abaya bari in dan tsawaita don wannan aikina ne. Kafin ki ba kowa ko pesewa daya, kin sa shagonki a taswirar Google? Abinda ake kira Google Business Profile, da can Google My Business. Kyauta ne. In mutum ya rubuta abaya Kumasi, akwai dan taswira da ke fitowa da shaguna kamar uku a kasa, da lamba da lokacin budewa da taurari. Wannan wurin Jiji ba zai kwace miki shi ba don shi na masu shago ne a garin. Google da kansu sun fadi abu uku da suke dubawa wurin jera shagunan: ko abinda kike saidawa ya dace da abinda aka nema, kusancinki da mai neman, da kuma yadda aka sanki, wato sharhin kwastomomi da sauransu. Ki cika komai, hotuna na gaske ba na Dubai da aka kwafo ba, hoton kofar shago da allon suna, ki sa alamar daidai kan shagon don kinsan Alabar in ba haka ba mutum sai ya bata. Zasu nemi ki tabbatar shagon naki ne, yawanci yanzu dan bidiyo suke cewa a dauka. Sannan duk wadda ta saya taji dadi ki roke ta ta rubuta miki layi biyu ta sa tauraro. Kar ki sayi sharhin karya, suna gogewa har su iya rufe shafin.

Maganan saurayi na farko kuma bai yi karya ba da yace sai hakuri. Wata ma'aikaciyar Google ta taba fada a bidiyon da suka fitar a 2017 cewa yawanci sai wata hudu zuwa shekara daya kafin a ga amfanin aikin. To ki lissafa, 800 sau hudu 3,200 ne, kudinki ya kare kafin a fara ganin komai, Sallah kuma ta wuce. Itacen goro ne, kakanninmu da suka zo kasar Asante saboda goro sun san ba a shuka shi bana a ci bana, amma in ya fara bada 'ya'ya har jikoki. Abinda zan ce ki tambaye shi: me takamaimai zai yi a wata na farko? In yace zai raba kowane kaya da shafinshi da suna da farashi da bayani, ya rage nauyin hotuna don shafin ya bude da sauri a waya mai karamin data, ya hada ki da Search Console ki rika ganin kalmomin da mutane ke rubutawa, to ya san aiki. In yace zai kai ki lamba daya a sati biyu ko zai sayo miki link dubu, wato ya biya wasu shafuka su rika nuno naki, ki rike jakarki.

Dan Aboabo:
To ai maganata ka dawo malam, talla kenan.

Dan Kwamfuta, Madina:
A'a ba duka ba. Talla kan shafin da ba farashi ba maballin WhatsApp, zuba ruwa ne a kwando. Kuma ba wai wanda ya fi kudi shi ke hawa sama kullum ba, gwanjo ake yi duk lokacin da wani ya nemi abu, ana hada abinda ka taya da ingancin tallanka da shafin da zai kai mutum. Har maki suke bayarwa daga 1 zuwa 10. Mai shafi mai kyau zai iya biyan kasa da na kusa dashi kuma ya fi shi wuri.

In nine ke, sati biyun farko gyara zan yi, aiki guda a biya sau daya ba na wata-wata ba. Sai in dauki kamar sidi 1,200 in raba shi kan sati hudu zuwa biyar, daga sati biyu ko uku kafin azumi zuwa tsakiyarshi, don goman karshe mutane sun gama saye ko suna tsoron kaya ba zai iso ba. Kalmomi kadan, masu nuna mutum saye yazo yi, irin abaya da sunan gari ko da farashi. A toshe irin su kyauta da koyon dinki, in ba haka ba dalibai masu neman hoto zasu cinye miki kudi. Garuruwan da kike iya aika kaya da mota kawai. Ki sani kuma abinda kika sa na rana Google na iya kashe har ninki biyu a rana daya, amma a wata baya wuce na ranan sau 30.4, kar ki gani ki tsorata. Ribar da mutane basa kula da ita: bayan wata daya zaki ga da idonki kalmomin da suka kawo masu saye, sune zaki ba mai gyaran shafi yayi aiki kansu bayan Sallah maimakon yayi ta kirdado.

Mai Gyaran AC, Nima:
Kari daya, nawa asusun da dala yake cirewa a katin banki ba MoMo ba. A 2022 da sidi ya fadi, daga wajen 6 a farkon shekara zuwa kusan 15 kan dala daya, na ji a jikina. Ki rika duba canji. Kuma irin kudin da aka zaba ranan bude asusu, kamar dala, ba a canza shi daga baya.

Baba Alhaji, Asawase:
Yata, ni ban san kwamfuta ba amma na san kasuwa. Ko wanne kika dauka, komai da sunanki za a bude, imel dinki, lambarki, katinki, shi a bashi izinin shiga kawai. Dan kanina ya ba wani yaro amana haka ya bude komai da sunanshi, da suka samu sabani yaron ya tafi da shafin da taurarin da aka tara shekara uku, har gaban mai unguwa aka je ba a samu komai ba. Kuma kudin tallan ki biya da kanki kai tsaye, ladan aikinshi daban. In kika hada masa a hannu ba zaki san nawa ya shiga nawa ya tsaya a aljihu ba.

Hajiya Mai Leshi, Kejetia:
Baba ya fadi gaskiya. Ni har yanzu ina kan bidiyo na, amma wannan na taswira zan sa yarona ya yi min tunda kyauta ne 😄

Mai Abaya, Alabar:
Kai Allah ya saka da alheri, Baba na gode Allah ya kara girma. Na kira dan yayata yanzu ashe shafin ma da imel dinshi ya bude, yace gobe bayan la'asar zai zo mu maida shi sunana mu yi na taswiran. Farashi ne dai nake jin tsoron sawa don makwabta na leke su rage nasu. Sannan ta yaya zan gane wadda ta zo daga talla da wadda ta zo daga status, tunda duka WhatsApp daya zasu fado?

Dan Kwamfuta, Madina:
Farashi ki sa Hajiya, makwabta ai sun riga sun sani, yarinya daya zasu aiko ta tambaya. Wadda ta ga farashi kuma ta kira to da niyya ta zo. Na biyun kuma mai sauki ne, maballin WhatsApp na shafin ana iya sa mai rubutu ya fito da kanshi, misali "salam na ga abaya a shafinku", duk sakon da ya fara da haka kin san hanyar da ya biyo. Ki samu karamin littafi ki rika rubuta nawa suka tambaya nawa suka biya. Goben in kun zo wurin bidiyon tabbatarwa ku fara daga bakin titi ku nuna allon suna, sannan ki bude kofa da makullinki ki shiga, a dauka daya ba yankewa.