Na toshe TikTok a wayar ɗana, amma bidiyoyi na ci gaba da shigowa

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 12 yana riƙe da wayar Android don karatu. Na ɗora masa Family Link, manhajar Google da iyaye ke sa ido kan wayar yara da ita, na toshe TikTok, wayar kuma tana kulle kanta da ƙarfe 9 na dare. Duk da haka shekaranjiya na tarar da bidiyoyin rawar banza cike da ma'ajiyar hotuna, alhali ko data babu a layin.

Ashe abokansa ne ke tura masa ta Xender. Na goge manhajar, suka koma Bluetooth. Na duba Family Link ciki da waje, ban ga inda ake kashe Bluetooth ɗin ba. Ƙwace wayar kuma ba mafita ba ce, ta nan malaminsu ke turo aikin gida.

Don Allah, ta yaya zan hana wayar karɓar bidiyo ta Bluetooth?