Waɗanda suka taɓa kai ƙarar mai cutar da yaro, yaya kuka ƙare?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan abin nan yana ci min rai. Ɗan ƙanwata, shekararsa 6, mijin uwarsa ya karya masa hannu da duka. Muka kai ƙara, aka kama shi, bayan kwana 11 aka ba da belinsa. Yanzu yaron yana wurina, amma mutumin yana zaune kusa da makarantarsu, sau biyu yaron ya hango shi a hanya ya dawo gida jikinsa na rawa. Sai da magana ta je gaban hukuma muka ji ashe ya taɓa zaman kaso kan dukan wani yaro, kuma ba wanda ya gaya wa ƙanwata kafin aure. Dangi sun dame ni wai in bari a rufa asiri. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan ya faɗa min abin da ya gani da idonsa.

Malamar Aji Uku: Wa'alaikumus salam, Yaya. Allah ya ba yaron lafiya. Ni yarinya ce a ajina, kullum da sabon tabo, kullum "faɗuwa na yi". Da na kai magana sama aka ce min ba hurumina ba ne. Sai na sayi ƙaramin littafi, duk ranar da na ga rauni in rubuta kwanan wata, da inda yake a jiki, da abin da ta faɗa da bakinta, ban ƙara ko kalma ɗaya ba. Wata biyar ina yi. Ranar da aka zo bincike, littafin nan ne ya tsaya mata, don ita ta kasa buɗe baki. Kuma kar ki riƙa tambayarsa "ai mijin mamarka ne ya yi maka, ko?" Lauyan wancan ɓangaren zai ce ke kika sa masa magana a baki.

Nas Mai Aikin Dare: Ki nemi kwafin rahoton likita da hoton ƙashin, ki adana a hannunki. Na sha ganin shari'a ta mutu don takarda ta ɓata. Ga masu karantawa kuma: in fyaɗe ne, a kai yaro asibiti kafin a yi masa wanka ko a wanke kayansa. Maganin kariya daga HIV sai an fara shi cikin awa 72.

Baban Ihsan: Hajiya, maganar da kika yi cewa ba wanda ya gaya wa ƙanwarki ita ta sa na yi rubutu. A Ingila nake. Nan akwai abin da ake kira Dokar Sarah, sunan wata yarinya ce mai shekara 8, Sarah Payne, da aka kashe a 2000. Wanda ya kashe ta an taɓa ɗaure shi a 1995 kan sace wata yarinya. Tun 2011 duk faɗin Ingila da Wales mutum yana iya zuwa wurin 'yan sanda ya tambaya ko wani da ke mu'amala da yaro yana da tarihin cin zarafin yara. Na yi amfani da ita lokacin da tsohuwar matata ta fara shirin aure, 'yata kuma tana wurinta. Na cike takarda, suka kira ni suka yi min tambayoyi. Sun gaya min tun farko cewa in akwai wani abu, wanda ya fi iya kare yarinyar za a sanar, wataƙila uwarta, ba lallai ni ba, kuma wanda aka gaya wa ba shi da izinin yaɗawa. Da fari abin ya ɓata min rai. Daga baya na ga hikimarsa. Alhamdulillah ba a sami komai ba, amma wallahi makonnin da na yi ina jira ban yi barcin kirki ba.

Abu Sadik: Ni fa ban ga amfanin ɓoyewa ba. A Amurka, bayan kisan wata yarinya, Megan Kanka, a New Jersey a 1994, wadda maƙwabcinta ya kashe alhali an taɓa hukunta shi sau biyu, sun yi dokar tarayya a 1996 da ta sa a riƙa sanar da jama'a game da masu laifin lalata. A buga sunansu kowa ya gani.

Lauya Mai Koyo: Yaya Abu Sadik, rajistar sunayen masu laifi tana da amfani, Najeriya ma ta buɗe tata ta ƙasa a Nuwamban 2019. Amma galibin irin waɗannan rajistoci na laifin lalata ne. Mutumin da ya karya hannun yaro da duka ba lallai sunansa ya shiga ba, kuma nan ne nake ganin babban giɓin yake. Sannan duk shari'ar da dangi suka janye, sunan mai laifin ba zai taɓa shiga jerin waɗanda aka hukunta ba. Shari'u uku na bi a bara, biyu haka suka mutu. Anti Maman Biyu, beli ba sallama ba ce. Ki je wurin mai gabatar da ƙara ki gaya masa yaron yana haɗuwa da mutumin a hanya, ki roƙi ya nemi kotu ta sa sharaɗin kada ya kusanci gidanki ko makarantar. In ya karya, ana iya soke belin. In a Najeriya kike, dokar hana cin zarafi ta 2015 ta tanadi odar kariya, sai dai ki duba sigar da jiharku ta amince da ita.

Ba Suna: Ban taɓa faɗar wannan a fili ba. Ina da shekara 11 na ba da shaida a kotu, mutumin yana zaune yana kallona. Kafin ranar na maimaita labarin sau bakwai, ga mutane bakwai daban, kowa da irin tambayarsa, har na fara shakkar kaina. An ɗaure shi, amma abin da ya fi dawo min a mafarki shi ne ɗakin kotun. Da na girma na karanta cewa a Iceland tun 1998 suna da gida na musamman, Barnahus, inda ƙwararre ɗaya ke hira da yaro a naɗi bidiyo, alƙali da lauyoyi suna kallo daga wani ɗaki. Na yi kuka ranar. Mama, ki roƙa a sa masa labule ko a ji shi a keɓe, kuma kar a bar shi ya zauna jira wuri ɗaya da mutumin. Ni a benci ɗaya aka ajiye mu.

Maman Biyu: Ba Suna, 'yata, Allah ya sanyaya miki zuciya. Na karanta naki sau uku. Jiya na je wurin mai gabatar da ƙara, ya ce zai ɗaga maganar sharaɗin beli a zaman ranar Talata, na kuma gaya masa zancen benci. Malama, na sayi littafin. Ranakun da yaron ya hango shi ban riƙe kwanan watansu daidai ba, in rubuta "wajen tsakiyar wata" ko in bar su?